Ɗawafin Inna a Cikin Filash

Bodinga,
7 ga Zulhajji.

Zuwa ga ƙanwata Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Abdulrazak da yara. Yaya aikin asibiti? Yaya jikin Baba? Ki durƙusa ki gaishe min da shi. Na san za ki ce ga waya, me ya sa nake ɓata takarda. Kin san halina. A waya sai in yi ta cewa "to, to", sai na kashe sannan maganar da na kira dominta ta faɗo min. Kuma tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ba ya jin muryar waya sosai, gara ki karanta masa kusa da kunnensa. Muhammadu direba zai kawo miki wannan.

Wani abu na gani da ban san yadda zan faɗe shi ba. Akwai wata 'yar kafa a bayan dikodata, na daɗe ina share mata datti ban san amfaninta ba. Shekaranjiya iska ta karkatar da dish, na kira Saminu mai haɗa dish ya gyara. Shi ya ce min idan na sa filash a kafar nan, akwatin zai riƙa ɗaukar duk abin da ake nunawa, in kalla daga baya. Ban yarda ba, amma na sayo. Bai fi ƙwallon dabino girma ba. Da na sa shi, akwatin ya tambaya ko ya goge abin da ke ciki. Tunda babu komai, na ce ya goge.

Na kamo tashar Makka, na danna jan maɓalli. Bayan ɗan lokaci na buɗe abin da ya ɗauka, na danna tsayarwa. Bahijja, dubban mutane suka tsaya cak kewaye da Ka'aba, kowa da ƙafa ɗaya a sama. Wata tattabara ta rataye a iska, fukafukanta a buɗe. Na danna na mayarwa baya, sai alhazai suka kama ɗawafi da baya da baya. Na yi istigfari na sake shi. Uwargida Halimatu tana ta yi min dariya, wai na tsorata da rimot. Na gwada na ga filash ɗin yana cika bayan awa ɗaya da 'yan mintoci, daga nan sai ya tsaya da kansa.

Ga abin da nake so. Tunda Inna tana can aikin Hajji, ki tambaye ta yaushe za su shiga Harami ɗawafin ifada, in ɗauka, ko Allah zai sa Baba ya gan ta. Ban sani ba ko wauta ce. Ina ta tuna ta ana gobe za ta tafi, tana bakin rumbun albasa a Danchadi tana ware ruɓaɓɓu, muna cewa ta bari ta huta. Sai da ta kai ta ƙarshe, ta miƙe, ta kakkaɓe hannu sau biyu, ta dafa ƙugu, sannan ta yarda ta je ta haɗa jaka.

Ki huta lafiya.
Yayanki,
Sama'ila Arzika

*

Shagari,
Ranar Sallah.

Yaya Sama'ila,

Wa alaikumus salam, barka da Sallah. Ga cinyar ragonmu nan Muhammadu zai kawo da safe, ka ce wa Halimatu ta soya kafin ta yi wari.

Na karanta wa Baba wasiƙarka har sau biyu. Da na zo wurin da alhazai ke tafiya da baya, sai ya ce, "Mi wanga yaro shika yi da bayin Allah? A hwaɗa mai shi bar su su tahi gaba." Amma ya yi murmushi, rabon da in ga haka tun ranar da aka kai Inna filin jirgi. Ni kuwa na ce Yaya ya gano abin da yara suka sani tun bara, yanzu sai ya cika shafi uku a littafinsa na kullum.

Inna ta kira yau bayan sun yi jifa. Muryarta ta ɗan dushe, ta ce zafi ne. Na kara wa Baba wayar, ta ɗaga murya ta ce masa, "Malam, gobe bayan La'asar za mu tahi ɗawahi. In na ƙare, kai zan hwara roƙa ma lahiya." Ya ce mata ta sha ruwa da yawa, ta bar gaggawa. Ta ce shi ne mai gaggawa.

To ka ji. Gobe bayan La'asar. Ka cika batirin solarka tun da rana, kar wuta ta yi maka halinta. Sai dai ban san yadda za ka tsinci Inna ba, matan jiharmu duk atamfa iri ɗaya aka ɗinka musu.

Taka,
Bahijja

*

Shagari,
21 ga Zulhajji.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ƙasar Makka da ta karɓe ta ta zame mata rahama. Ina fatan kun isa gida lafiya. Duk kwanakin da muka yi a zaman makoki ban samu keɓewa da kai ba, kai kana waje da maza, ni ina ciki da mata.

Baba ba ya cin abinci. Kunu ma sai na yi da gaske yake kurɓar cokali biyu. Ba kuka yake yi ba. Tambaya ɗaya ce a bakinsa, safe da yamma: "Ta yi ɗawahin ko ba ta yi ba?"

Na kira abokan ɗakinta su biyu. Hajiya Uwani ta ce tare suka shiga Harami bayan La'asar, a bakin ƙofa cunkoso ya raba su. Hajiya Ramatu kuma ta ce ita ta gan ta zaune a kan matakala a waje tana riƙe da kai, ta ce su je za ta biyo su. Bayan wannan ba wanda ya sake ganinta sai washegari a asibiti, ba ta magana. Kowaccensu ta rantse min da Allah.

Liman ya zo ya zauna da Baba, ya yi masa bayanin ladan wanda ajali ya riska a aikin Hajji. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na yarda, Malam, ban ja da wanga ba. Amma kujerata ta. Ni nac ce ta tahi da na kasa. Kaltume ba ta taɓa barin aiki rabi ba. In ni na aike ta inda ta kasa, ina son in sani."

Yaya, a matsayina na ma'aikaciyar lafiya nake gaya maka, mai irin ciwon Baba ba ya jure rashin ci. Ka ɗauki abin nan ranar? Ba ka ce komai ba, ni ma na ji tsoron tambaya. In ka ɗauka, ka aiko da shi.

Ƙanwarka,
Bahijja

*

Bodinga,
24 ga Zulhajji.

Ƙanwata Bahijja,

Wa alaikumus salam. Amin, Allah ya jiƙanta. Wannan kar ki karanta wa Baba duka, ki zaɓa.

Na ɗauka. Amma na yi kuskure. Inna ta ce bayan La'asar, ni kuwa sai na jira La'asar ɗinmu ta Bodinga. Na je masallaci, na dawo, na zauna, na danna jan maɓalli ina jin na yi dabara. Ban daɗe ba sai na ga inuwa ta rufe filin ɗawafi, can kuma aka kira Magariba a Makka alhali mu nan rana tana kan katanga. Sannan na tuna sun riga mu da awa biyu. An koya min wannan a sakandare. Ko a lokacin na ce ba komai, in ta dawo ma yi dariya.

Tun da na dawo daga wurinku nake kallo. Ina gama karyawa sai in zauna. Farkon ɗaukar akwai wani baƙin layi mai sunan tasha da ke rufe ƙasan hoton, sai in tura gaba in wuce shi, in fara daga inda hoto ya washe. Ina tafiya kaɗan kaɗan, in tsayar, in matso har hancina ya kusa taɓa gilashi.

Ban taɓa sanin yawan mutane ba sai yanzu. Idan aka ɗauko su daga sama, kamar gero ake juyawa a faifai. Idan na tsayar kuwa sai kowane ƙwaya ya zama mutum. Ga wani tsoho ya goya wata tsohuwa. Ga wata mata tana kuka bakinta a buɗe. Ga wani baƙi dogo ya ɗaga jariri sama da kansa don ya ga Ɗakin Allah. Duk sun wuce, sun koma garuruwansu, wasu ƙila sun rasu kamar Inna, amma ga su a cikin abin da zan iya rufewa a tafin hannuna. Wani lokaci sai in manta wa nake nema. Sai Halimatu ta taɓa ni ta ce an yi kiran Azahar.

Na samu mata uku masu atamfar jiharmu da za su iya zama ita. Ɗaya gajeriya ce kamar Inna, tana ɗan ɗingishi. Ɗaya tana riƙe da jakar ruwa a hagu. Ta ukun fuskarta ta juyo, jiya na rantse ita ce, yau da safe na ga ba ita ba ce. Ni da na sha nononta na kasa shaida ta, wannan ya fi komai damuna.

Ga filash ɗin na naɗe a takarda, na sa a kwalin ashana. Ki sa a dikodarku. Idan babu ita a ciki, ki gaya wa Baba laifina ne na makara, kar ya ɗauka ita ce ba ta shiga ba.

Yayanki,
Sama'ila

*

Shagari,
25 ga Zulhajji.

Yaya,

Salam.

Mun zaunar da Baba a gaban talabijin, mun jingina shi da filo. Malam Abdulrazak ya sa filash ɗin a dikodarmu. Babu Ka'aba, babu kowa, sai wani rubutun Turanci ya fito da zaɓi biyu. Ka san maigidan nawa, duk abin da na'ura ta tambaye shi "to" yake ce mata. Ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin tsakiya yana cewa, "Ai izini take nema." A nan wasiƙarka ta farko ta faɗo min, inda ka ce akwatin ya tambaye ka ko ya goge. Ban san lokacin da na tsallake tabarma na fizge wayar wutar daga bango ba. Na ture kwanon kunun Baba, na taka ƙafar Malam.

Ya ce, "Ke lafiya?" Na ce, "Saura ƙiris ka goge min uwa." Ya ajiye rimot ɗin a hankali kamar kunama ce, har yanzu bai sake taɓa shi ba.

Mun gwada a kwamfutar ofishinsu, ta nuna akwai abu a ciki amma ta ƙi buɗewa. Baba ya juya fuska bango. Ga filash ɗinka na mayar a kwalinsa. Ban sani ba ko mun lalata shi. Ka duba, don Allah, ka gaya min gaskiya.

Bahijja

*

Bodinga,
27 ga Zulhajji.

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankali, yana nan. Na yi bisimilla na sa shi a tawa, ya buɗe kamar ba inda ya je. Allah ya yi miki albarka da wannan tsallen. Ki ba Malam haƙuri game da ƙafarsa.

Na tambayi Saminu. Ya ce irin dikodata haka take, abin da ta ɗauka ita kaɗai ke iya buɗe shi, sauran ba su san yarenta ba. Don haka akwatin da kansa zai zo. Na naɗe shi a zanen Inna da ta bari a nan, na roƙi Muhammadu ya ɗora shi a cinyar wanda ya zauna gaba, kar ya shiga but ɗin mota da buhunan albasa.

Ba sai kun haɗa da dish ba. Ki sa wayar hoto a talabijin, ki kunna, sannan ki sa filash, ki danna koren maɓalli. Idan ya tambaye ki wani abu, ko mene ne, ki ce a'a. Na rubuta a jikin kwalin inda matan nan uku suke, ki tura kai tsaye zuwa can don kar Baba ya gaji.

Na so in kawo da kaina. Amma an yi ruwan shuka jiya a Danchadi, gonar Baba ta gabas tana jira, in ƙasa ta bushe shi ke nan. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma ba zan iya tsayawa ina kallon fuskarsa yana neman ta yana rasawa ba.

Yayanki,
Sama'ila

*

Shagari,
29 ga Zulhajji.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Akwatin ya iso da hantsi. Baba ya ga zanen da aka naɗe shi, ya miƙa hannunsa mai lafiya, na ba shi, ya ɗora a cinya. Na haɗa komai yadda ka ce. Na tura zuwa ta farko, mai ɗingishi. Ya duba ya ce, "Ba ita ta ba." Ta biyu, ya ce, "Kaltume ba ta riƙon kaya da hagu." Ta uku ko tsayawa bai yi ba. Na fara haɗa maganar da ka ce in faɗa masa, ta makara.

Sai ya ce, "Mi ya sa kike ta tsallake-tsallake? Maido shi hwarko. Ba a shiga gona ta tsakiya."

Na mayar farko. Baƙin layin nan naka ya rufe ƙasan hoton, na kai yatsa zan tura gaba kamar yadda kake yi, ya buge min hannu. Muka jira. Ba tsakiyar ɗawafin ake nunawa ba a lokacin, gefe ne, wajen Maƙama Ibrahim, inda waɗanda suka gama ke ɓallewa daga da'ira. Da layin ya ɓace, a can kusurwar hagu ta ƙasa, daidai inda ya rufe, sai ga wata 'yar tsohuwa da atamfar jiharmu ta fito daga cikin mutane ita kaɗai. Bayanta muke gani. Ta tsaya. Ta kakkaɓe hannu sau biyu. Ta dafa ƙugu.

Baba ya ce, "Tsaya!" Na tsayar.

Ya daɗe yana kallo. Malam Abdulrazak yana bakin ƙofa ya cire hula. Can Baba ya ce, "Ita ta. Ta ƙare. In da saura, da ba ta kakkaɓe ba." Na saki hoton. Ta juya wajen Ɗakin, ta ɗaga hannu biyu, sai aka koma nuna wani wuri. Baba ya ce, "Wagga addu'ar tawa ta."

Yaya, ban ga fuskarta ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma hannun nan na gan shi a bakin murhu, a bakin rijiya, a bakin rumbu, tun ina rarrafe. Kai ma da ka bari layin ya wuce da ka gane ta.

Kuma ka yi lissafi, tunda kai ne mai lissafi. Ka ce filash ɗin awa ɗaya da kaɗan yake ɗauka. Da ka tuna da awa biyun nan ka danna a La'asar ɗin Makka, da ya cika ya tsaya tana tsakiyar ɗawafi, da har yau ba mu san ko ta gama ba. Ni tun ɗazu nake juya wannan a raina, na rasa abin cewa sai Allahu Akbar.

Ya sa na maimaita masa wurin har na daina ƙirgawa. Daga baya ya ce akwai sauran tuwon jiya?

Ƙanwarka,
Bahijja

*

Shagari,
1 ga Muharram.

Sama'ila,

Bahijja ka rubutawa, ni ka magana. Ina gaishe ka, kai da iyalinka.

Na ga uwarka. Ta ƙare aikinta.

An hwaɗa min kana cewa ka makara. Ka bar hwaɗin haka nan.

Akwatinka shina nan wurina, ba ni maido shi yanzu. Na hana kowa taɓa shi, balle Abdulrazak. In ka ƙare shukar gonar gabas, ka taho mu kalle ta tare. Ka taho da hura ta Danchadi, ta nan ba ta da tsami.

Allah shi yi ma albarka.

Mahaifinka,
Arzika